Kwanon Ruwa a Kan Teburin Sanuka

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, aikin ne kawai ya ɗan tsaya, kada ku damu.

Maƙwabcina ya bar min tsohon teburin sanuka, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda. Teburin ya girmi Kaka. Na goge katakon, na sauya koren ƙyallen don in sayar. Amma ƙwallayen sai su gangara kusurwa ɗaya. Mai saye ya yi dariya ya tafi.

Jiya na ɗora kwanon ruwa a kai, yadda kuke yi a shagon kafinta, abin da na kira aikin ƙauye a gaban abokanku. Ruwan ya nuna min ƙafar da ta gaza.

Ku yafe min, Baba. Da wane katako zan yi mata ciko?

Ɗanku mai kunnen ƙashi