Tikitin Mutum Ɗaya daga Kwatano

Zuwa ga Rashida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da aikinki da mutanen Abijan. Na so in aiko miki da wannan ta waya, amma tunda kin toshe lambata, na ajiye shi nan a shafina inda kowa ke gani. Na san kina leƙowa.

Za ni fara da yabo, don kin cancanta. Har yau ban ga wanda ya iya tafiya da ƙaramin guzuri kamarki ba.

Kin tuna hutun ajinmu na uku a jami'a. 'Yan ɗakinmu suna ta zancen Dubai da Alƙahira, sai kika ce mu ma za mu ƙasar waje, mu ga teku a Kwatano. Na yi dariya, don a wurinmu 'yan Sabon Birni ƙasar waje ita ce inda ake zuwa suna da safe a komo kafin la'asar. Amma teku ban taɓa ganinsa ba, kuma kin san haka.

Mahaifiyarki, Inna Kulu, ta ƙi. Sai kika ɗauke ni a babur har Kamarawa, kika zaunar da ni gabanta kamar shaidar da aka kawo kotu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kama hannunki ta sa a nawa. Ta ce, "Hauwa, don ke na yarda. Tare kuka tafi, tare ku komo." Babana ma da na roƙe shi abin da ya ce ke nan: ɗiyar mutane amana ce.

Muka haɗa ɗan abin da muke da shi, kika canza shi zuwa sefa a Maraɗi, kika ƙulle a lalitar da ke ƙugunki. Daga ranar ban ƙara ganin kalarsa ba.

Ke kika koya mani cewa Bagobira ba ta buƙatar otal. A kowane gari sai ki nemi rumfar masu albasa, ki durƙusa ki gaida babbar mace, ki fara jero kakanni har sai an ci karo da wanda aka sani. A Gaya, can gaba da Maraɗi, mun zama jikokin wani mutumin Kurawa da ban taɓa jin sunansa ba, aka ba mu tabarma da tuwo. Daga nan muka hau motar albasa. Mun isa Kwatano muna warin da ko ƙuda ya ba mu hanya.

Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da safe, garin kwaki da sukari da rana. In na kalli mai soya kifi sai ki ja mayafina ki ce, "Ido muka zo ciyarwa, ba ciki ba." A bakin tekun na roƙe ki kwakwa ɗaya mu raba, kika ce ruwa ne kawai a cikin ƙoƙo. Na yarda. Har alfahari nake da ke. Ina cewa a raina duk tsumin nan na tsarabar gida ne.

Yanzu ina ganin hotunanki, kusan kowanne da kwakwa a hannu. Allah ya ƙara buɗi.

Ranar komawa, da hantsi, kika shiga layin tikiti kika fito da guda ɗaya. Kika miƙo mani shi, da kuɗin mota daidai har gida, da sauran ƙuli-ƙuli, da leda mai atamfa da sabulu ta Inna. Kika ce kin samu aikin koyar da Turanci a Abijan tun kafin mu bar makaranta, motarku na tashi da azahar. Kika ce, "Ki gaida gida." Ko cin amanarki ma da tsari ya zo, ba a manta komai ba.

A motar nan na gane wa na yi wa yunwa. Na kuma gane abin da ya sa kika zaɓe ni cikin ƙawayenki duka: ni ce wadda tsofaffi ke yarda da maganarta.

Ni na kai wa Inna ledar. Ba ta buɗe ba. Ta leƙa bayana, ta leƙa ƙofar gida, sannan ta dube ni. Na yi bayani har muryata ta dushe, amma wa zai yarda mutum ya kwana tabarma ɗaya da ƙawarsa tun daga Maraɗi har bakin teku bai san abin da ke ranta ba? Na ji yanzu kuna waya da ita, kina yi mata aike, ta yafe miki. Madalla. Ni har yau in na gaishe ta a kasuwar Isa sai ta juya tana taya tumatir.

Wannan duk na iya ɗauka. Abin da ya sa na rubuto daban ne.

Ƙanwata Saratu, wadda kike yi wa kitso kina kiranta likitar gidanmu, ta samu gurbin karatu a Sakkwato. Baba ya ce ba ta zuwa. Ya ce, "Na kai ɗaya boko ta je ta yar da ɗiyar mutane a hanya, ba ni ƙara kai wata." Ƙarshen watan nan ake rufe rajista. Yarinyar ta wanke kayanta ta ninke, kullum sai ta buɗe jakar ta sake ninkewa.

Ban ce ki komo ba, Rashida. Na san abin da kika gudu daga gare shi. Ina nan lokacin da gonarku ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga, ina nan lokacin da kike raba kwanon abincinki biyu a makaranta ki ce kin ƙoshi. Da kin gaya mani, da na hana ki, kuma kin sani. Wani lokaci abin dariya ya faru a wurin aiki, sai in ɗauko waya in nemo sunanki kafin in tuna.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki kira Baba, lambarsa ba ta canza ba. Ki faɗa masa da bakinki cewa Hauwa ba ta sani ba. Ba sai kin ba ni haƙuri ba, ba sai kin buɗe lambata ba. Bayan sallar la'asar yana zaure, wayar na aljihunsa.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya rufa miki asiri, ya haɗa ki da mutanen da za su riƙe ki da gaskiya. Allah ya sa Saratu ta ga cikin aji. Amin.

Taki, wadda ta komo ita kaɗai,
Hauwa
Sabon Birni