Baba Allura Bai Taɓa Motsi Cikin Na'ura Ba

Cikin alhini mai nauyi, ni da na saba sa mutane dariya ko a inda ake kuka, nake sanar da jama'a a madadin mai girma Shugaba, da mai girma Mataimakinsa, da iyayen ƙungiya, da manya da ƙananan 'yan Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Teloli, cewa labari ya iso mana na rasuwar ubanmu, malaminmu, gwanin gwanaye, tsohon Shugaban wannan ƙungiya, wanda kowa ya sani da Baba Allura. Ya faɗi a kan kekensa na ɗinki da hantsi, ƙafarsa a kan feda, rigar wani ango a ƙarƙashin allura, kuma kafin a kai shi asibiti magana ta ɗauke. Likitoci sun ce jijiyar jini ce ta fashe a cikin kansa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. A yi haƙuri da rubutuna, Sakatare ya ce shi ba zai iya rubutawa ba, ni kuwa hannuna na almakashi ne ba na biro ba, amma a ƙungiyar nan kaf ba wanda ya kai ni baki.

Marigayi ya yi wa sana'ar nan hidimar da baki ba zai iya ƙirgawa ba, domin rabin telolin layinmu a ɗan shagonsa mai taga ɗaya muka koyi riƙon almakashi, muna zaune a kan buhunan ƙyalle, shi kuma yana tsaye da alli a bayan kunne. Kallo ɗaya zai yi maka ya san faɗin kafaɗarka, tef ɗin da ke wuyansa ado ne kawai. Ni da nake cika baki yau cewa wuyan rigata ba ya da na biyu, ranar da na ɗinka wandona na farko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, Baba bai zage ni ba, cewa ya yi in je in nemo kwastoman da ke zaune a gangare. Shi ya haɗa kanmu muka sayi janareto ɗaya, shi ke raba rigimar tela da mai kaya, kuma ba yaron shagon da ya taɓa tashi da yunwa a gabansa.

Hidimarsa ta biyu ita ce wadda ya yi wa ilimi, kuma a nan nake roƙon a buɗe kunne. Wata Farfesa daga cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta zo taronmu tana neman sanin ko ƙwaƙwalwar tela ta bambanta da ta sauran mutane. Ta ce za ta ɗauki rukuni biyu, teloli a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma direbobi da akawuna sa'o'inmu waɗanda ba su taɓa zura zare a allura ba, a sa kowa cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a gwada. Baba ne ya fara ɗaga hannu. A gabanmu Farfesa ta ce wannan bincike ne, ba duba mara lafiya ba, amma in har suka ga wani abin tsoro a kan mutum, za su kira shi su faɗa masa. Da kunnena na ji, kuma kunnena bai taɓa cin amanata ba.

Ɗakin na'urar sanyi kamar cikin firji, kuma ba a shiga da ƙarfe ko ƙwaya ɗaya saboda maganaɗisu. To ku dubi wahalar Mai Na'ura, saurayin da ke kula da ita, da aka haɗa shi da teloli: fil a wuyan riga, fil a hula, fil a bakin aljihu, Baba har daga bakinsa ya zaro ɗaya yana ba da haƙuri. Aka ba mu wasu riguna masu buɗaɗɗen baya, ɗinkinsu abin kunya, sai da muka ɗinka musu sababbi kyauta don mutuncinmu. Za ka kwanta a siririn gado, a danne kanka da soso, a tura ka cikin rami mai ƙara kamar an kunna kekunan layinmu gaba ɗaya. A ɗan madubin da ke saman idonka, in hoton allura ya fito sai ka yi ɗinki a zuciya ba tare da ka motsa ko yatsa ba, in alamar tarawa irin ta lissafi ta fito sai ka huta, kar ka tuna komai. Suna cakuɗa jerin don kar ka san mai zuwa. Bayan nan kwamfuta ta cire hutun daga ɗinkin, abin da ya rage ya haskaka, shi ne wurin da ke aiki. Sharaɗi babba shi ne kar kai ya motsa, ko da kaurin zare ne, in ba haka ba hoto ya lalace.

A wannan fage Baba ba ya da na biyu. Kwanciya yake kamar kututture. Mai Na'ura da kansa ya nuna mana layin motsinsa a kwamfuta, miƙe sambal kamar kalmasar da aka yi wa guga, har in an gyara na'ura Baba ake kira a gwada ta da shi. Ni kuwa ba na ɓoyewa, atishawa nake, dariya nake, ina tambaya ko an kusa, Mai Na'ura yana roƙona ta lasifika wai Malam don Allah ka tsaya. Duk da haka a lokacin ba su cire ni ba, kuma na san dalili, ƙwaƙwalwata haske take kamar zauren biki.

To ga abin da ya hana ƙungiya barci. Shigar Baba ta ƙarshe, ina zaune a benci a waje ina jiran layina, aka daɗe fiye da kullum. Mai Na'ura ya fito da sauri, ya dawo da Farfesa da wani mai farar riga da ba mu taɓa gani ba, na'ura ta canza kuka, Baba kuma ya ce a wannan zagayen ba a nuna masa allura ko alamar tarawa ba. Bayan 'yan kwanaki aka kira shi a waya, wai an gode, an cire shi daga binciken saboda ya cika motsi. Baba Allura! Ya cika motsi!

Ƙungiya ba ta son zaluntar kowa, don haka ga uzurin da muka nemo musu da kanmu. Baba ya taɓa faɗa mini yana dariya cewa shi bai iya zama ba tunani ba, in alamar hutu ta fito sai ya ci gaba da yankan kayan mutane a zuciyarsa. In haka ne, ɗinki a nan ɗinki a can, kwamfuta ta cire wannan daga wancan ba abin da zai rage, kan babban gwani ya fito duhu kamar na akawu, sakamako ya ɓaci. To in wannan ne dalili, a faɗa mana, mu kuma mu tambaya ko haka ake bincike, a ga sakamako tukuna sannan a zaɓi wanda za a cire. Mu dai in riga ta ƙi shiga, rigar muke gyarawa, ba mu taɓa rage kafaɗar mai kaya ba. In kuma ba wannan ba ne, me mai farar riga ya gani?

Muna tambaya ne saboda abin da uwarmu Goggo, matar marigayi, ta faɗa mana tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce tun bayan nan ciwon kai ya matsa masa, allura tana zamewa daga yatsunsa, yana ɗora wa tabarau laifi. Ta ce masa su je asibiti, ya ce haba Goggon yara, wane kai ne aka ɗauki hotonsa kamar nawa, da akwai wani abu ai da mutanen Farfesa sun faɗa. Mai Na'ura ya zo gaisuwa, ya zauna can bakin ƙofa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Farfesa kuwa an ce ta tafi taro.

Saboda haka ƙungiya ta yanke cewa ba telan da zai sake kwanciya a gadon nan sai an miƙa wa Goggo hotunan kan mijinta, likitan da iyali suka zaɓa ya duba su, sannan a nuna mana layin motsinsa na ranar ƙarshe mu gani da idonmu, kuma a duba hotunan duk wanda aka taɓa cirewa, tela ne ko direba.

Ina da nawa dalilin. Da aka cire Baba, na ce to ni zan gaje shi, na shiga na kwanta ko miyau ban haɗiya ba, Mai Na'ura har ya tambaya ta lasifika ko ina da rai. Ranar ma an daɗe, na'ura ta canza kuka, kuma da aka jawo ni na hango mai farar riga ta gilashi. Washegarin da muka binne Baba wayata ta yi ƙara, wai an gode, na cika motsi. Uwar yarana, ki yi haƙuri da kika ji a nan, na yi ta juya maganar a bakina ta ƙi fita.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwarmu Goggo, da 'ya'ya, da jikoki, da almajiransa na sana'a, da angon da rigarsa ke ƙarƙashin allura har yanzu, wadda ni da kaina zan ƙarasa. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Mu kuma da aka kira a waya, Allah ya sa motsi ne kawai.

Malam Zigizaga
Kakakin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Teloli