Ƙyauren Masallacinmu a Landan

Ƙanwata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ya yara da mutanen Horo Birni? Ni lafiya lau, sai ƙafar nan da ba ta son sanyi.

Jiya ɗanki Maniru ya kai ni baje kolin fasaharsa. Zulai, ƙyauren masallacin mahaifinmu na tarar rataye da igiya, Turawa na ɗaukar hotonsa. Shi ne wanda Maniru ya ce zai kai gyara Boɗinga, har na tsaya masa gaban liman! Wai, "Kawu, tunawa da gida ne." Har an saye shi.

Ki gaya wa liman su daina jira, su sa ƙyauren kwano kafin damina. Ban san da wane ido zan dubi liman ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Sama'ila