Na Zuba Asirin Yayata A Cikin Sharhin Fim

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda zai zage ni kuma ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don ba sunan da za ku kira ni da shi wanda ban riga na kira kaina ba a makonnin nan.

Ni mace ce, ina aiki a wata farmasi a Dogon Dutsi. Iyayenmu sun rasu, yaya ɗaya gare ni, tana aure a wani ƙauye wajen Kiéché. Ita ta goye ni, ita ta yi ta daka da ɗiban ruwa ni ina lakwal, wato makarantar boko, don ita ba a sa ta ba. Ko sunanta ba ta iya karantawa, amma wallahi in Yaya ta buɗe baki sai ka riƙe ciki. Kusan duk Lahadi takan hau kabu-kabu ta zo wurina, don can wajensu sai ka hau tudu kake samun rezon waya, mu zauna bayan azahar mu kalli fim a wayata. Kuma ba kowane fim ba, na ɗan wasa guda ne, duk kun san shi, ba zan faɗi sunansa ba. Yaya tana son mutumin nan kamar ɗan ɗakinsu, shi ya sa ba ta raga masa. In ya fito a attajiri sai ta ce, “Dubi yadda ya riƙe makullin mota, wanga aro ya yi.” In ya fito a manomi ta ce, “Wa ya taɓa noma da farce haka? Auta, wuce da mu gaba, ya ba ni kunya.”

To ni sai na buɗe shafi da sunan ƙarya, ina rubuta sharhin finafinansa da ake sawa a intanet. Ba wani sharhin masana ba, hira ce kawai: wannan ku kalla, wannan kada ku ƙona forfenku na intanet a banza, wannan ya yi kyau har tsakiya sannan ya watse. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, duk maganar Yaya ce. Ina dariya ina haddacewa, tana hawa kabu-kabu in zauna in rubuta. Mutane suka yi ta taruwa, wai ina da ido, wai bakina ya iya. Ni? Ni da fim zai ƙare ban ga komai ba sai atamfar da matan suka ɗaura? Amma yabon ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ai ba ta karatu, me zai rage ta da shi?

Bayan babbar sallah aka saki wani fim nasa, ya fito a uban da ya yi sakaci bai kai ɗansa likita ba har yaron ya mutu. Ya faɗi ƙasa yana birgima yana ihu, ni har na fara share hawaye. Na waiga in ji me Yaya za ta ce, sai na ga ba wayar take kallo ba. Ta ce, “Kashe shi.” Na kashe. Ta ce, “Ƙarya yake yi. Wanda ɗansa ya mutu kuma ya san laifinsa ne ba ya birgima. Shara yake yi. Yana wanke kwanoni, yana ba masu gaisuwa ruwa, yana tsoron kada wani ya dube shi da kyau.” Na ce, “Yaya, ke ina kika san haka?” Da ma ban tambaya ba.

Yaya ta taɓa rasa yaro ɗan shekara uku, duk mun san zazzaɓi ne. Ranar nan ta gaya mini sauran. Mijinta yana cin rani a lokacin, ya bugo ya ce ta kai yaron likita a ranar. Ita kuwa da ta ga yana sanƙarewa idanunsa suna juyawa, sai ta tsorata, ta ce wannan ba na allura ba ne, iska ne. Ta gaya wa maƙwabta za ta likita Dogon Dutsi, ta wuce da shi wurin wata tsohuwa mai bori a Matankari, kwana biyu ana turare ana jiƙo. Rana ta uku ta ɗauko shi da gudu, a bakin ƙofar likita ya cika. Mijin nan mutum ne da ko gangar bori ya ji sai ya sake hanya, sai ta ce masa tun ranar farko ta kai shi, likitoci sun yi iyakar yinsu. Yaron yana da cindo, ɗan yatsa na shida a hannun hagu. Ta buɗe mini tafin hannunta ta ce, “Auta, har yau ina jin ɗan cindon nan a nan.” Ba ta ce kada in gaya wa kowa ba. Wa zai ce wa ƙanwarsa haka?

Kwana uku na riƙe, na huɗu na rubuta. Ku tambaye ni dalili, ba ni da wanda zai tsaya a gaban Allah. Na ga dai ban taɓa samun magana mai ƙarfin wannan ba, zuciyata tana ce mini wannan zai fi duk na baya. Na ce ai ba suna, “na san wata mata” kawai zan ce. Na sa cin rani, na sa Matankari, na sa sharar da kwanonin. Cindon nan sau biyu ina goge shi ina mayarwa, don in babu shi rubutun bai yi armashi ba. Kun ji fa, armashi! Yaron da na goya da bayana.

Rubutun ya tafi inda ban zata ba. Shi kansa ɗan wasan ya ɗauka ya sa a nasa shafin, ya ce an koya masa abin da bai sani ba. A cikin farmasi na yi tsalle, abokiyar aikina ta ɗauka baiko aka zo yi mini. Ba a yi mako ba saƙo ya shigo shafin: “Baiwar Allah, matar nan ba wajen Kiéché take ba? Cindon a hagu yake?” Na duba hoton mai saƙon. Ƙanwar mijin Yaya ce da ke aure a Dosso. Na goge rubutun nan take, amma ina amfani? Ta riga ta ɗauki hoton rubutun ta tura wa yayanta. Ba ta san shafin nawa ba ne, har yau ba ta sani ba.

Mijin bai yi hayaniya ba. Da safe Yaya tana dama fura ya tsaya a kanta ya ce, “Ranar da na bugo miki, ina kika kwana da yaro?” Ba ta musa ba, ta ce ta gaji da musun a cikin ranta. Ta tambaye shi wa ya gaya masa, ya ce ba ruwanta. Ya ce ta tafi wurin danginta sai zuciyarsa ta huce, ya riƙe sauran yaran biyu. Bai sake ta ba, bai kuma aiko ba. Dangin nata kuwa ni ce. Mako biyar ke nan tana ɗakina, ni nake zuba mata abinci, ni nake ce mata ta yi haƙuri, ni! Can a shafi kuma ana ta tambaya, “Ina sharhin sabon fim ɗinsa?” Me zan rubuta? Mai maganar ga ta nan a kan tabarma ta daina magana.

Na san abin da wasu za su ce, ga shi yanzu ma na sake kawo labarinta shafi. Gaskiya ne, na yi ta juya abin kafin in aiko. Amma wanda ake ɓoye wa ya riga ya ji, ni kuma ba ni da mutum guda da zan iya duban idonsa in faɗi wannan.

Abin da ya sa na kasa jira shi ne na shekaranjiya. Na dawo daga aiki na tarar abincin rana yana nan a rufe. Ta ce in zauna, ta ce ta yi ta tunani. “Tsohuwar Matankari ta rasu bara. Maƙwabta ba su sani ba. Sai ke, ke kuwa ko wuƙa aka sa miki a wuya ba ki faɗi.” Ta ce, “To na gane. Yaron ne. Shi ya je wa ubansa a mafarki. Ni ina ta roƙonsa shekara da shekaru ya yafe mini, ashe bai yafe ba.” Ta faɗi haka ba kuka, kamar mai faɗin gobe kasuwa.

Jama'a, in na gaya mata, na raba ta da gida ɗaya da ya rage mata a duniya, don na san Yaya, ba za ta sake kwana inda nake ba, kuma ba ta da inda za ta. Auren ma ban ga abin da faɗata za ta gyara a cikinsa ba. In kuma na yi shiru, za ta ci gaba da zama tana ramewa, tana ganin ɗanta ne ya taso daga kabari ya tona ta. Yau da safe na ji ta tana wanke kofi tana kiran sunansa a hankali, tana cewa, “Ka yi daidai, baba na, ka yi daidai.”

Ku da ba ku san ni ba, don girman Allah ku gaya mini. Me zan yi?