Babu Wanda Ya Ce Dawo

Litinin, 6 ga Mayu
Ƙungiyar ƙwallon da Baba yake so ta kai wasan ƙarshe. Tun ina goye yake binta. Ya ce, "Kai ni in gani kafin idon nan ya ƙarasa rufewa." Na bugi ƙirji na ce an gama, Baba. Ashe tikiti ya ƙare tun jiya, sai a hannun masu sake sayarwa a intanet.

Talata, 7 ga Mayu
Na samu wani a shafinsu. Kujeru biyu a jere, dab da fili, inda ko Baba zai iya rarrabe mutum da ƙwallo. Kuɗin da ya faɗa ba laifi, tsakani da Allah. Amma ni, ɗan kasuwa, a faɗa in biya? Na taya rabi. Ya rubuto, "Albarka." Na ce ai akwai a wani wuri, na kife waya a kan kwalin takalmi. Abin da ake yi mini kullum a shago ne: ka juya baya, mai kaya ya ce dawo.

Na riga na gaya wa Baba layin gaba za mu zauna.

Laraba, 8 ga Mayu
Bai ce dawo ba. Duba waya, duba waya, har na ɗaure wa wata mata takalmi ƙafar hagu biyu.

Mai Agogo, maƙwabcin shagona, ya yi dariya har da riƙe ciki: "Wa ka juya wa bayan? Ta cikin waya zai hango ƙeyarka?"

Alhamis, 9 ga Mayu
Na sauke girman kai na rubuta masa cewa na ƙara. "An sayar, yallaɓai. Tun Talata."

Na koma gida na tarar Baba ya sa an wanke tsohuwar rigar ƙungiyar, tana shanye a igiya. Na kasa zama, na kasa cin abinci.

Juma'a, 10 ga Mayu
Wani ya turo hoton tikiti, wai in biya shi kai tsaye ba ta shafin ba, zai rage mini. Na kusa. Sai Mai Agogo ya nuna mini wanda aka turo masa, lambar kujera ɗaya da tawa. Ni za a sayar wa jabu? Saura ƙiris dai.

Asabar, 11 ga Mayu
Kujeru biyu sun fito a shafin, can ƙololuwa, maƙwabtan tsuntsaye. Na danna na biya. Ban taya ba.

Lahadi, 12 ga Mayu
Matakalar filin wasa ba ta ƙarewa. Baba na hutawa, ina riƙe da sandarsa. Da muka zauna ya ƙura ido ƙasa ya ce, "Cikin tururuwan nan, waɗanne ne namu?"

Ni na zama rediyonsa har muryata ta dishe. Da muka ci, sai da na girgiza shi kafin ya miƙe ya yi ihu, bayan kowa ya gama.

Bai tambayi layin gaba ba. Muna saukowa ne ya ce, "Tayi ka yi ko? Kai da ko nono sai da ka taya kafin ka sha." Ya yi dariyarsa. Ni ban yi ba.

Litinin, 13 ga Mayu
Wani ya zo saya wa mahaifiyarsa takalmi mai laushi, wai ƙafarta na kumbura. Ya taya, na ce albarka, ya juya. Da can sai mutum ya kai kwanar layi nake kira, in ma na ga dama.

Bai fita daga inuwar rumfa ba na ce, "Malam, dawo, na sallama."

Ba don komai ba. Rana ce ta yi zafi.