Manhajar Gwaji Ta Haɗiye Waƙoƙin Zumuntar Mata

Anti Fiddausi, don Allah ki taimake ni, na jawo wa kaina magana.

Ina da ɗan sutudiyo a Barnawa inda nake haɗa kiɗa da ɗaukar murya. Akwai yarinyar da nake nema, sunanta Janet. Mahaifiyarta, Mama Dorcas, ita ce shugabar Zumuntar Mata ta wani coci a Kamazou. Matan za su yi bikin ƙungiyarsu, suna so su fitar da faifan waƙoƙinsu. Ba wanda ya roƙe ni, ni na ɗaga hannu na ce zan yi musu. Kin san dalili.

Sun sha zirga-zirga a keke da tulunan kiɗansu, suna cika min ɗaki da dariya, har kunu suke kawo min. Aiki ya yi kyau sosai. Matsalar ɗaya ce: Mama Dorcas ce ke ba da waƙa, kuma idan ta hau sama, muryarta kan saki hanya ta shiga daji. Ba wanda ya taɓa gaya mata, ni kuwa ba ni zan fara ba.

Sai na ga kamfanin manhajar da nake aiki da ita ya fitar da sabuwa ta gwaji, wadda suke kira beta, wai tana miƙe murya ba tare da an gane ba. Abokina Obiora, mai gyaran kwamfuta a Kakuri, ya ce kada in ɗora ta a kan aikin mutane. Na ce masa shi ɗan tsohon yayi ne. Na ɗora, na buɗe aikin a cikinta, ban ajiye kwafi ko'ina ba. Ranar farko muryar Mama ta fito garau, ni kaina sai da na tashi na taka rawa. Washegari kwamfuta ta daskare. Da na sake kunnawa, sabuwar manhajar ta ce fayil ya lalace, tsohuwar ta ce ba ta ma san shi ba. Abin da ya buɗu kawai wani guntu ne inda matan ke gardama kan kalar ankon biki.

Yanzu duk kiran da Mama ta yi, sai in ce ba a kawo wuta ba. Janet ta fara yi min wani irin kallo, don ta san ina da janareto. Ga biki ya matso, ga mai buga musu tulu ta tafi Kafanchan taya 'yarta jego. In na faɗi gaskiya za a tambaye ni me ya kai ni, amsar kuwa muryar Mama ce. Yaya zan yi?

Mai Kiɗa, Barnawa

Ƙanena Mai Kiɗa,

Na yi dariya, amma na tausaya maka. Niyyarka mai kyau ce, kuma masu manhajar ma da nasu laifin, da suke tallan abin da bai nuna ba. Sai dai ba su ɓoye maka ba, sun ce gwaji ne. Kai ka miƙa musu wahalar mutane a gwada a kai.

Ka daina taɓa kwamfutar nan, kada ka ƙara ajiye komai a cikinta. Ka kai wa Obiora, ka bari ya yi maka gorin da ya ga dama, ya cancanta. Sau da yawa muryoyin da aka ɗauka suna nan a wata folda daban, fayil ɗin da ke haɗa su ne ya lalace. In an same su, aikin jerawa kawai ya rage. Nan gaba kowane aiki ka ajiye shi wuri biyu, manhajar gwaji kuma ka gwada ta a kan waƙarka.

Zancen wuta ya isa haka. Ka fara gaya wa Janet, sannan ka je wurin Mama da ƙafarka, ba ta waya ba. Ka ce mata ka so aikin ya ƙara kyau, ka yi ganganci, ya ɓaci. Wannan gaskiya ce, kuma ta wadatar. Maganar muryarta ka bar ta a cikinka har abada. In ta kama a sake ɗauka, ka sauke waƙar ƙasa kaɗan yadda za ta kai ba wahala, mai tulu kuma ba za a rasa wata a Kamazou ba.

Za ta yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha. Uwar da ke shirin ba ka 'yarta ta fi son sanin yadda kake idan abu ya lalace a hannunka. Allah ya fito maka da muryoyin nan, ya sanyaya zuciyar Mama.

Anti Fiddausi