Kwanon shayin gidan mijina

Malama Sumie, ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni bazawara ce a Kanazawa ta ƙasar Japan. 'Yata ɗaya, Chizuru, da tsawa na rene ta, ko ƙaryar wasa ban taɓa ƙyale ta ta yi ba. Marigayi mijina ya bar mini kwanon shayin gidansu, wanda ba a fito da shi sai ranar tunawa da surukina. Rubutun murfin akwatinsa ya ce wani babban magini ne ya gina shi shekara ɗari uku da suka wuce. Ba a kifa shi a gaban kowa. Bara ina wanke shi Chizuru ta roƙe ni ta ɗauki hoton gindinsa, na yarda. Ashe bincike take yi. Ta rubuta maƙala, wata mujallar masana fasahar Asiya ta karɓa. Wai gindin ya nuna akwatin ne kaɗai tsoho, kwanon kuwa kakan mijina ne ya gina shi bayan na asali ya fashe.

Mujallar ba ta buga hoto sai mai kaya ya sa hannu, ni ce kuwa mai kayan, kuma Juma'a za su rufe karɓa. Yayan mijina, Genzaburo, ya ce in na sa, kada in ƙara taka maƙabartar gidansu, wai na tura yarinya karatu ta dawo tana tona asirin matattu. Ita kuma ta ce ni na hana ta ƙarya, yau ina so ta haɗiye gaskiya. Na kira ta mara kunya. Shekara huɗu ta kashe a kan aikin nan. Kwana tara ke nan ba ta kira ni ba. Wa zan rasa a cikinsu?

Uwar Chizuru

Uwar Chizuru, sannu da haƙuri.

'Yarki ta yi laifi da ta ɓoye miki dalilin hoton, kuma zafin da Genzaburo ke ji na gaske ne. Amma kakan da aka ɗauki aikinsa na babban magini ne shekara da shekaru ba abin kunya ba ne.

Irin waɗannan mujallu sukan yarda a sakaya sunan mai kaya. Ki nemi haka, sannan ki sa hannu. Kafin Juma'a ki kai ta wurin baffanta ta ba shi haƙuri, ta karanta masa maƙalar da bakinta. Mai yiwuwa ya ƙi saurara. Fushin tsoho yakan sauka, amma idan 'ya ta saba da rashin uwarta, gyaran yana da wuya. Ke kika yi zagin, ke za ki fara kira, yau ɗin nan.

Ina muku fatan sasantawa.